TARIHI: Musa Ɗanƙwairo, makaɗin Bakura da Maradun, da waƙoƙinsa da rediyo bai ɗauka ba

Idan aka ce wa matashin da ya tashi a zamanin wayar hannu ya lissafa waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, da wuya ya wuce uku ko huɗu. Zai kawo ta Sardauna, wato Mai Dubun Nasara, ya kawo ta 'Yandoton Tsafe, wataƙila ya tuno ɗaya daga cikin na Sarkin Daura, daga nan sai ya shiga sosa ƙeya. Alhali kuwa mutumin ya shafe sama da shekara sittin yana waƙa, tun daga bakin kunyar gona a ƙasar Bakura har zuwa gidan Firimiyan Jihar Arewa a Kaduna. 'Yan waƙoƙin nan da kowa ya sani ba su ne kaɗai masu daɗi ba. Su ne dai waɗanda aka yi wa manyan da sunansu ya isa ya buɗe ƙofar gidan rediyo.

An haifi Musa a ƙasar Bakura a wajajen 1909, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ya buɗe ido ya tarar da Bakura da Maradun da Talata Mafara gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kowace da ubanta: Sarkin Burmi a Bakura, Sarkin Ƙaya a Maradun, Sarkin Mafara a Talata Mafara. Su ke tara haraji da jangali, su ke da dogarai, su ke faɗa a ji. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kakansa ma haka, kuma gidan nasu yana jingine da fadar Sarkin Ƙayan Maradun. Sunan mahaifiyarsa 'Yarnunu.

A irin wannan gida ba a tambayar yaro abin da yake son ya zama. Da ya iya tafiya mai nisa sai ya bi ayari, ya fara da riƙon kaya, ya koma amshi, kunnensa na shan kiɗa tun kafin hannunsa ya isa riƙe ganga. Masu tarihin makaɗa sun ruwaito cewa a ayarin mahaifin nasa akwai wani mai suna Ƙwairo, mutum mai zaƙin murya, da aka ji muryar yaron ta ɗauko tasa sai aka riƙa kiransa Ɗanƙwairo. Laƙabin ya danne sunan yanka, ya kuma danne sunan mai shi na asali, wanda a yau ba a tuna shi sai ta dalilin yaron da aka kwatanta da shi.

Daga gona aka fara

Kafin fada, akwai gona. Gidan su Ɗanƙwairo sun yi kiɗan noma, shi ma da shi ya fara yin suna. Wanda bai ga gayya ba zai yi wuya ya gane girman wannan sana'a. Mai gona yakan gayyaci samarin ƙauyuka a sa rana, su zo da fartanyoyinsu su jeru, kowa ya kama kunyarsa. Makaɗi yana biye da su a baya da gangarsa, ya san taken kowa, ya san uban kowa, ya san wanda aka tsere wa bara da wanda ya yi alkawarin ramawa bana. Yana kiran sunan mutum sai ka ga ƙura ta tashi. Wanda ya riga kowa fita kunya ya sami kirari, wanda ya lafe a baya ya sha ba'a a gaban 'yan matan da suka kawo fura. A ƙarshen damina akwai manomin da ke neman ya tara dami dubu don a naɗa shi sarkin noma, kuma wannan buri ba ya cika ba tare da makaɗin da zai yayata shi ba.

Ladan makaɗin noma damin gero ne ko na dawa, wani lokaci akuya, wani lokaci riga. Waƙarsa kuma ta wuri ɗaya ce da lokaci ɗaya. An yi ta ne don mutum ashirin ko talatin da ke duƙe a gonar wane, cike take da sunayen da ba wanda ya san su idan aka yi tafiyar yini guda daga nan. A shekarun 1920 da 1930, lokacin da Musa ke tashen ƙuruciya, babu na'urar ɗaukar murya da ke zuwa gonakin Zamfara. Jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929 don kwasar auduga da gyaɗa. Amfanin gonar ya tafi Ikko ya haye teku, waƙar da aka nome shi da ita ta tsaya a bakin kunya.

Duk da haka wanda ya saurari waƙoƙinsa na fada da kunnen basira zai ji gonar tana nan a ciki. Yadda yake zuga basarake bai bambanta sosai da yadda ake zuga manomi ba: a kira shi, a tuna masa ubansa, a nuna masa abokin gasa, a ce masa kada ya yarda a wuce shi. Hotunan da yake zanawa da baki na mutumin karkara ne, na ruwa da fari, na namun daji da dabbobin gida, na hatsi da rumbu.

Inuwar Kurna

Da Usman Ɗankwanda ya rasu, shugabancin ayari bai faɗa hannun Musa ba. Ya faɗa hannun yayansa, Abdu Kurna, shi kuma Musa ya zama Daudun kiɗi, wato na biyu a ayari, mai jiran gado. Ayarin makaɗan fada kwaikwayon fadar yake yi, da sarautunsa da ladubbansa, kuma ƙane ba ya ɗaga murya sama da ta wa sai an ba shi hanya. Ɗanƙwairo ya daɗe a wannan matsayi kafin ya ja nasa ayarin.

Kurna makaɗi ne na gaske, kuma tsofaffin masu sauraro a Zamfara ba sa ambaton sunansa da wasa. Amma a yau, in ban da ɗaliban sashen Hausa na jami'o'i da 'yan tsirarun masu tara tsofaffin kaset, mutum nawa ne zai iya kawo waƙarsa guda? Ƙarfinsa ya zo daidai lokacin da makaɗin Maradun na Maradun ne kawai. Ƙarfin ƙanen kuwa ya zo daidai lokacin da aka kafa gwamnatin Arewa, aka buɗe gidan rediyo, aka shiga neman muryar da za ta kai sunan shugaba kowane lungu. Tsakanin shaharar wa da ta ƙane akwai baiwa, ba a musu, amma akwai kuma zamani.

Kayan aikinsu kotso ne, ganga mai siririn ƙugu da fata a baki ɗaya, ɗayan bakin a buɗe, ana rataya ta a kafaɗa a kaɗa da hannu. Kiɗan sarauta ne, irin wanda Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa da shi. Waƙar tana da gindi, wato 'yan kalmomin da ake komawa gare su, sannan tana da ɗiya, waɗanda jagora ke ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya. A wajen makaɗa da yawa aikin 'yan amshi shi ne su jira jagora ya gama su maimaita gindi. A ayarin Ɗanƙwairo abin ya wuce nan. Yakan fara magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa. Wani sashe ya karɓa daga bakin wani sashe, murya ta hau kan murya, har mai sauraro ya rasa inda jagora ya tsaya da inda yaransa suka ɗauka. Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero wanda ya rubuta tarihin makaɗan Hausa da dama, suna kiran irin wannan salo karɓeɓeniya. Ba a samun sa sai da doguwar zama tare, shi ya sa 'ya'yansa da danginsa suka zama ƙashin bayan ayarin. Waƙa irin wannan ba a kan mutum ɗaya take zaune ba. Rabe take a kawunan mutum shida ko bakwai, kuma duk wanda ya mutu a cikinsu ya tafi da nasa kason.

Abin da waƙar fada ke yi

Matasan yau da yawa suna ɗaukar waƙar fada a matsayin roƙo da aka yi wa ado. Akwai roƙo a ciki, kuma makaɗan ba su taɓa ɓoye shi ba: doki, riga, daga baya mota da kujerar Makka. Sai dai aikin ya fi haka nauyi. Makaɗi shi ne mai riƙe da nasabar gida, yana jero kakannin sarki don ya tabbatar wa jama'a cewa wanda ke kan karaga shi ya cancanta. Kuma a kowane gidan sarauta akwai 'yan sarkin da suka nema ba su samu ba, suna nan cikin gari da mutanensu, suna jira. Su ne abincin zambo. Makaɗi ba ya kama suna. Yakan siffanta mutum ne da tafiyarsa, ko gemunsa, ko rowarsa, ko wata kunya da ya taɓa sha, yadda duk wanda ke garin zai gane wanda ake nufi, shi kuma ba shi da bakin kai ƙara domin ba a ambace shi ba. Siyasa ce tsantsa, ana yin ta da kotso tun kafin a san akwatin zaɓe.

A nan ne kuma raunin waƙar yake idan ta bar gida. Zambon da zai sa fadar Maradun ta kwashe da dariya, in ya je Kano ya zama magana marar kai, domin ba wanda ya san mai gemun. Haɗa da harshe: Ɗanƙwairo Zamfaranci yake yi, inda Tsafe take Tsahe, kuma bai sassauta shi don kunnen mutanen gabas ba. Waƙar da ya yi wa hakimi ko dagacin da ba a san shi ba a wajen lardin Sakkwato tana iya fin wadda ya yi wa babban sarki gwaninta, amma ba ta da ƙafar tafiya.

Wadda ta karya wannan ƙa'ida ita ce ta 'Yandoton Tsafe, Alhaji Aliyu, wanda Ɗanƙwairo ya zauna a ƙarƙashinsa ya yi masa waƙoƙi. A lokacin Tsafe gunduma ce kamar sauran, amma kiɗan da zugar da ke cikin waƙar sun yi ƙarfin da har wanda bai taɓa taka garin ba ya san sarautar 'Yandoto. A nan makaɗi ne ya ɗauki sunan ubangida ya kai shi nesa.

Sardauna

Ahmadu Bello ba baƙon ƙasar Zamfara ba ne. Da ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938 aka naɗa Abubakar na Uku, sai aka ba shi sarautar Sardauna aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin Sakkwato. A can ne aka tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Mutum ne da ya san zafin rasa gadon gidansu, ya kuma san amfanin makaɗi. Da ya zama Firimiya a 1954, ya riƙe ofis irin na Turawa da majalisa da ministoci, amma tattaɓa kunnen Sarkin Musulmi Bello ne, kuma haka yake son a gan shi.

Ɗanƙwairo ya ba shi abin da yake so. Waƙoƙin da ya yi masa a shekarun Jamhuriya ta Farko waƙoƙin fada ne cikakku, an ɗora su a kan ɗan siyasa. Nasabar Shehu da Bello ta tsaya inda takardar manufofin jam'iyya za ta tsaya. Abokan hamayya kuma suka gaji gurbin 'yan sarkin da ake yi wa zambo. Talakan da ya ji waƙar bai ji ana roƙon ƙuri'arsa ba, ya ji ana gaya masa wanda Allah ya ba. Ga jam'iyyar NPC, wadda ƙarfinta ke hannun sarakuna da hakimai da ma'aikatan En'e, babu kayan yaƙin neman zaɓe da ya kai wannan.

Ya kamata a faɗi ɗaya gefen. A daidai shekarun, 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a watan Agusta na 1950, suna shan ɗauri da bulala a kotunan alƙalai saboda maganganun da aka ce cin mutuncin sarakuna ne. Su ma suna da mawaƙansu, irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, amma waƙoƙinsu a dandalin lacca da 'yan takardu suke yawo, ba a gidan rediyon gwamnatin da suke adawa da ita ba. Masu kiran Ɗanƙwairo masanin falsafa suna da hujja, domin hikimar tana nan jibge a waƙoƙinsa. Amma muryar masu mulki ce, kuma ya yi aikin da zuciya ɗaya. Ko waƙarsa ta farkar da 'yan Arewa su tashi su nemi na kansu a cikin Najeriya, saƙon gwamnatin lokacin take ɗauke da shi.

Wa ke zaɓen waƙar da za a ji

A Amurka tun 1958 mujallar Billboard take fitar da jerin waƙoƙi ɗari da suka fi kasuwa kowane mako, Ingila kuma ta fara nata jerin tun 1952. Faifan da ya leƙa ƙasan jerin ya faɗo, ko wanda bai shiga ba sam, an san shi, an san ranar fitarsa, kuma yana nan a kwali a wani shago. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1960 da cikin 1970 matasan arewacin Ingila suka iya tono fayafayan baƙaƙen fatar Amurka da ba su yi kasuwa ba, suka raya su a gidajen rawa irin na garin Wigan. Waƙar Tainted Love da Gloria Jones ta yi a tsakiyar shekarun 1960 ba ta je ko'ina ba a lokacinta. Da ƙungiyar Soft Cell ta sake ta a 1981 sai ta hau kan jerin Ingila. Ko a nan gida, kamfanonin waje sun sake buga fayafayan William Onyeabor na Inugu da na Mamman Sani na Nijar a 2013, shekaru da dama bayan an manta da su.

A Arewa babu irin wannan jeri. Abin da ya tsaya a madadinsa shi ne gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962, daga baya ya koma hannun gwamnatin tarayya. Gajeren zangonsa yana kaiwa Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi. Waƙar da ma'aikatansa suka naɗa suka riƙa sakawa, masu aiko da katin gaisuwa a shirye-shiryen zaɓe suka riƙa nema, ita ce ta zama sananniya. Wadda ba a naɗa ba kuwa ba ta da kwalin da za ta jira mai tono. Faifan garmaho na da minti uku ne ko ɗan fiye yake ɗauka a kowane gefe, alhali waƙar fada takan ci minti goma sha biyar ba ta gaji ba. Tef na da tsada, har gidajen watsa labarai masu ƙarfi irin BBC sun yi ta goge tsofaffin shirye-shirye don su naɗa sababbi a kai. Kaset bai wadata a kasuwannin Arewa ba sai cikin shekarun 1970, lokacin Ɗanƙwairo ya haura sittin.

Akwai wani abu kuma. Makaɗin baka ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Gindi yana nan, amma ɗiya suna canzawa gwargwadon wanda ke zaune a wurin, da kyautar da aka yi jiya, da wanda ya ɓata wa sarki rai a makon. Abin da ake kira waƙar Ɗanƙwairo a yau hoton rana ɗaya ne, ranar da aka yi sa'a akwai na'ura a kusa.

Bayan 15 ga Janairu

Kashe Sardauna a daren 15 ga Janairu, 1966 ya raba Ɗanƙwairo da ubangidan da ya fi kowane girma. Abin da ya biyo baya ya taɓa dukkan makaɗan fada. A 1967 aka rushe Jihar Arewa aka yi jihohi. Cikin 'yan shekaru gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakuna masu ba da shawara, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta sa filaye a hannun gwamna. Rawani yana nan, iko ya koma wani wuri, kuɗi ma haka.

Ɗanƙwairo ya bi zamani ba tare da ya ajiye kotso ba. Ya sami mazauni a wajen Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda minista ne a gwamnatin Sardauna kafin ya hau gadon Daura a 1966, ya yi masa waƙoƙi da dama da ke cikin mafi kyawun aikinsa. Ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero. Ya kuma buɗe ƙofa ga attajirai da manyan ma'aikata da 'yan siyasa, mutanen da a zamanin mahaifinsa ba za a kaɗa musu kotso ba.

Maƙwabcinsa ya ɗauki wata hanyar. Sa'idu Faru, ɗan garin Faru a ƙasar Maradun, shi ma makaɗin kotso, an san shi da tsayawa a kan jinin sarauta. Ya ɗaure kansa ga Muhammadu Macciɗo, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar, wanda ya zauna Talata Mafara da sarautar Sarkin Kudu, ya yi shekaru yana yi masa fatan gadon gidansu. Sa'idu ya rasu a 1987. Shekara guda bayan haka Sarkin Musulmi Abubakar ya rasu, aka fara shelar sunan Macciɗo, sannan gwamnatin Janar Babangida ta tabbatar da Ibrahim Dasuƙi, aka yi tarzoma a Sakkwato har aka rasa rayuka. Sai a watan Afrilu na 1996, bayan gwamnatin Janar Abacha ta tuɓe Dasuƙi, Macciɗo ya hau. Waƙoƙin Sa'idu Faru suka sami sabuwar daraja a kunnen jama'a, shekara tara bayan an binne mai su.

Bakolori

A cikin shekarun tsufan Ɗanƙwairo ne abu mafi muni ya sami manoman ƙasarsa. Gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Impresit na Italiya aikin gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka kammala ginin a 1978. Ruwa ya cinye garuruwa da fadamu, aikin shimfiɗa filayen ban-ruwa ya hana dubban manoma na Maradun da Talata Mafara da Bakura shuka gonakinsu, diyya kuma ta zo a makare, ta zo a gurguje, wasu ba ta iso gare su ba. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta, aka ƙone ƙauyuka. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

Waɗanda aka harba ɗin 'ya'ya ne da jikokin mutanen da gidan Ɗankwanda ya yi wa kiɗan gayya. Waƙar fada ba ta da ƙofar da irin wannan labari zai shiga. An gina ta ne don ta ɗaga mai mulki, kuma abincin makaɗi yana hannun wanda yake ɗagawa. Tana iya yi wa sarki nasiha a kaikaice, ta gaya masa haƙuri da adalci su ne adon sarauta, kuma Ɗanƙwairo ya yi hakan sau da yawa. Amma ba ta tsayawa a gefen talaka ta nuna mai iko da yatsa. Wanda ke neman tarihin Zamfara a bakin makaɗanta zai sami sarakuna da dawakinsu da ranakun hawansu, Bakolori kuwa sai ya nema a wani wurin.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a watan Satumba na 1991, yana da shekara tamanin da 'yan kai. 'Ya'yansa sun ci gaba da kiɗan. Bai ga jihar Zamfara ba, domin sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka yanke ta daga Sakkwato.

Garuruwan nan uku da rayuwarsa ta zagaya su ne suka riƙe sabuwar jihar. Daga 1999 zuwa 2023, shekara ashirin cikin ashirin da huɗu, gwamnan Zamfara ɗan ɗayansu ne: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Kowannensu ya sha waƙa. Mawaƙan siyasar yau, waɗanda Dauda Kahutu Rarara ya fi kowa suna a cikinsu, sun sauya kotso da fiyano da situdiyo, amma ginin na nan yadda Ɗanƙwairo ya ɗora shi a kan Sardauna: a yabi gwani, a jero iyayen gidansa, a siffanta abokin hamayya da dabba ko da wata nakasa ba tare da kama suna ba. Bambancin shi ne yanzu komai ana naɗa shi, kuma yawancinsa ba ya kai zaɓe na gaba.

Waƙoƙin Ɗanƙwairo da suka tsira suna yawo a YouTube da Facebook da TikTok, da katin waya da masu tura waƙa ke cika wa mutane a kasuwa. Yawanci an kwafo su ne daga kaset da aka kwafo daga wani kaset, babu shekarar da aka naɗa, babu wurin, babu sunayen 'yan amshin da suka ɗauki rabin aikin. Sauran, na sarakunan noma da dagatai da hakiman da suka riga shi tafiya, suna kawunan tsofaffin da suka ji su da kunnensu, kuma mafi ƙuruciya a cikin waɗanda suka ji shi kafin zamanin Sardauna ya haura tamanin. Isa gare su ma ya zama aiki. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar suka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba suka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar sakandaren Ƙaya ta ƙasar Maradun. A ƙauyuka da dama na yankin, manomi sai ya biya 'yan bindiga kuɗi kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe.